Haɗa Kwamfutar Tebur Da Ƙaramin Jari

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wata tambaya ce da ke damun samari da yawa, tun daga zangunan Ghana har zuwa unguwannin Hausawa na Jidda da London. Watau in mutum yana bukatar kwamfutar tebur, kuɗinsa kuwa ba su taka kara sun karya ba, a kan wane sashi ya kamata ya saki hannu, a kan wanne kuma zai tsuke bakin aljihu?

Kafin a shiga kasuwa, ya kamata a san abin da ya sa har mutum ke iya haɗa irin wannan na'ura da hannunsa. A cikin 1946 aka nuna wa duniya wata na'urar lissafi mai suna ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka. Nauyinta ya kai kamar tan 30, da kwalaben lantarki kusan 18,000 a cikinta, ta cika babban ɗaki ita kaɗai. Irin wannan ba mai iya haɗa ta sai gwamnati da injiniyoyinta. Al'amarin ya sake ne a cikin 1981, sa'ad da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa ta ɗorawa bisa tebur. Saboda gaggawa kamfanin bai tsaya ƙera kome da kome da kansa ba. Ya sayi ƙwaƙwalwar a wurin Intel, ya karɓi manhajar daga Microsoft, sa'an nan ya buga littafi ya bayyana yadda sassan su ke haɗuwa. Ba a daɗe ba waɗansu kamfanoni suka shiga ƙera irinta. A cikin 1995 kuma Intel ya fitar da wata ƙa'idar awo da a ke kira ATX, wadda ta tsai da girman allon na'urar, da inda ramukan kusoshi za su kasance, da siffar bakin wayar wuta. Albarkacin wannan ne a ke sayen akwati ƙirar wani kamfani, allo ƙirar wani dabam, su kuwa zauna daidai kamar tukunya da murfinta.

To, a ɗauki misalin wani saurayi a Aboabo, cikin Kumasi, mai ɗan shago inda ya ke buga katunan biki da na suna. Ya kan gyara hotuna, wani lokaci kuma ya yanka bidiyon walima ya haɗa. Ya yi shekara guda yana tara sidi, wansa da ke zaune a New York kuma ya yi alkawarin cika masa. Kuɗin nan su ne jarinsa duka. In ya kuskure wajen saye ba shi da waɗansu da zai gyara kuskuren da su, shago kuwa sai ya tsaya cik. Saboda haka tun bai taka kasuwa ba, sai ya ɗauki takarda ya rubuta ayyukan da na'urar za ta riƙa yi masa kullum, da sunayen manhajojin da zai yi su da su. Mai rubuta wasiƙu da lissafin kanti, da mai gyaran hoto, da mai buga wasannin zamani masu nauyi, na'urori uku su ke bukata dabam dabam. Yawancin hasarar da a kan yi, ta mai gyaran hoto ce da ya ga na'urar mai wasa tana walƙiya da fitilu masu launi, ransa ya biya.

Sassan da za a saya bakwai ne ko takwas, hanya mafi sauƙi ta gane su kuwa ita ce a kwatanta su da ofis. Furosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar, shi ne akawu mai yin aikin. Ram ita ce teburin da ya ke baje takardu a kai; da an tashi daga aiki, watau an kashe wuta, sai a kwashe kome daga kanta. Ma'ajiya ita ce kabad inda takardu ke kwana. Uwar allo, wadda 'yan kasuwa ke ce wa modabod, ita ce ginin ofishin kansa, da ɗakunansa da hanyoyin da masinjoji ke bi. Katin hoto wani ma'aikaci ne na musamman wanda ba ya kome sai zane. Na'urar raba wuta ita ce mai dafa wa ma'aikata abinci, akwati da fankoki kuwa su ne bango da tagogi. Wanda ya riƙe wannan kwatanci zai ga cewa akawu mai sauri, in aka ba shi ƙaramin tebur, rabin yininsa a hanyar kabad zai ƙare. Ba a zuba kuɗi duka a kan sashi guda a bar saura da yunwa.

Da furosesa da uwar allo a ke farawa, gama su biyun aure ne, ba a zaɓen ɗaya sai an duba ɗayan. Kamfanoni biyu ne ke ƙera furosesan irin wannan na'ura, Intel da AMD, kowane furosesa kuwa yana da gurbin da ya ke zama a ciki, ba ya shiga wani. AMD ya fito da gurbin AM4 a cikin 2016, ya yi shekaru yana ƙera furosesoshin Ryzen masu zama a cikinsa, kafin ya kawo AM5 a cikin 2022. Intel kuwa gurbinsa na LGA1700 ya fito a cikin 2021, ya ɗauki zuriya uku, ta 12 da ta 13 da ta 14. Hikimar mai ƙaramin jari ita ce ya tsaya taki ɗaya bayan sabon yayi. Abin da ya fito bana yana ɗauke da kuɗin ɗoki. Wanda ya shekara uku ko huɗu kuwa kuɗinsa sun sauka, an san halinsa, kayan da ke tafiya da shi sun cika kasuwa.

Alal misali, akwai Ryzen 5 5600G, wanda ya fito a cikin 2021. Akawu shida ne a ɗaki guda, wutar da aka ƙayyade masa wat 65 ce, yana zuwa da fankarsa a cikin kwali, kuma yana da ɗan mai zane a cikin jikinsa, wanda ya isa gyaran hoto da yankan bidiyo marar nauyi. A wajen Intel akwai Core i3-12100 na 2022, mai akawu huɗu, shi ma da mai zanensa a ciki. Amma a nan akwai wani tarko da ya kama mutane da yawa, harafi guda ne tak. A wajen Intel, in lambar ta ƙare da F, to, ba mai zane a ciki. A furosesoshin AMD na gurbin AM4 kuwa, harafin G shi ne shaidar akwai shi. Ryzen 5 5600 marar G ba shi da shi. Wanda ya ga marar zanen ya fi araha ya saya, alhali ba shi da katin hoto, zai haɗa kome daidai, ya kunna, fankoki su juya, allon kallo kuwa ya tsaya baƙi ƙirin, ya yi ta zargin mai kanti a banza.

Wani zai ce, ai gurbin AM4 ya zo ƙarshen hanyarsa, furosesoshin sabuwar zuriya ba za su shiga ciki ba. Gaskiya ne. Amma gurbin nan yana ɗaukar furosesa mai akawu takwas, da mai sha biyu, har mai sha shida, saurayin Aboabo kuwa zai daɗe bai ƙure wannan ba. Abin da ya fi kamata ya kula da shi wani ne. A jikin kowace uwar allo akwai 'yar ƙaramar manhaja mai suna BIOS, ita ce ke fara gane furosesa in an kunna. Allon da ya daɗe a kanti, kamar irin B450 na 2018, mai yiwuwa BIOS ɗinsa bai san furosesan 2021 ba sai an sabunta shi. Sai a ce wa mai kanti ya sabunta, ya kuma gwada a gaban mai saye. Kowane kamfani ya kan buga jerin furosesoshin da allonsa ke karɓa a shafinsa na intanet, akwai kuma wani shafi mai suna PCPartPicker inda a kan jera sassa ya faɗi in akwai waɗanda ba su jitu ba. Ban da wannan, uwar allo ba wurin alfahari ba ce. Matsakaiciya ta isa, irin ƙaramar nan mai milimita 244 kowane gefe, muddin tana da gurabun ram huɗu, da gurbin ma'ajiya na M.2, da bakin da wayar allon kallo za ta shiga.

Katin hoto shi ne sashin da ya fi cinye kuɗi, wani ma ya kan fi sauran na'urar duka tsada. A cikin 2021 ya yi wata irin tsada har ya gagari talaka, domin an yi ƙarancin kayan ƙira a duniya, masu haƙar kuɗin intanet kuma suna kwashe shi da yawa. Da tsarin Ethereum ya daina bukatarsa a watan Satumba na 2022, sai katunan da suka sha aiki dare da rana suka malalo kasuwar kayan hannu. Mai shagon katunan biki ba ruwansa da wannan duka. Ya bar gurbin katin wofi. In aiki ya bunƙasa har na'ura ta fara nishi, ya saya da ribar shago, ya soka shi cikin minti goma.

Ram kuwa, gigabayit 16 ta isa irin wannan aiki, amma a saye ta sanda biyu masu takwas takwas, kada a sayi sanda guda mai 16. Dalili shi ne furosesa yana da hanyoyi biyu na zuwa teburinsa, in sanda ɗaya ce hanya ɗaya kaɗai ya ke bi. Abin ya fi tsanani ga furosesa mai zane a ciki, gama mai zanen nan ba shi da tebur nasa, na akawu ya ke ara. Har wa yau a lura da iri. AM4 ba ya karɓar kome sai DDR4, AM5 sai DDR5, allunan LGA1700 kuwa waɗansu wannan, waɗansu wancan. Sandunan biyu tsawonsu ɗaya, haƙoransu 288 kowanne, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya ta ke ba. In sanda ta ƙi shiga, kada a danna ta da ƙarfi. A ƙarshen 2025 kuɗin ram ya ninka, wata ma fiye da ninki, domin kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawanta, Samsung da SK Hynix da Micron, su kuwa suka karkata ga manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira masu saye da tsada. In aka tarar kasuwa ta yi zafi haka, a sayi gwargwadon bukata, gurabu biyun nan da suka rage su jira.

Zancen ma'ajiya gajere ne. Faifai mai juyawa na farko da IBM ya fitar a cikin 1956 faranti hamsin ne manya manya, abin da ya ke ɗauka kuwa kamar megabayit 5, watau misalin hoto guda na wayar hannu. Jikokinsa suna da araha da faɗi, amma suna da nawa, domin sai faranti ya juyo allura ta nemo abin da a ke so. SSD ba ta da abin da ke motsi. Irin mai waya tana karanta kamar megabayit 550 a daƙiƙa, irin mai shiga gurbin M.2 kuwa ta kan kai dubu uku ko fiye. Babu wani kuɗi da mai saye zai ji daɗinsu kullum safiya kamar na SSD. A sayi mai gigabayit 500 ko terabayit guda don manhaja da aikin yau da kullum, a kuma nemi faifai mai juyawa don ajiye kwafi na biyu. Hoton biki in ya ɓace, ba a sake ɗaura auren don a ɗauki wani.

Yanzu an zo kan sashin da ba mai yabonsa, wanda kuma a kansa ne aka fi cutar kai. Wutar da ke zuwa daga bango a Ghana mai ƙarfin volt 230 ce, tana kuwa kai da komo sau hamsin a daƙiƙa. Sassan kwamfuta ba su cin irin wannan. Wuta su ke so mai gudu hanya ɗaya, a kwance, volt 12 da 5 da 3.3. Aikin na'urar raba wuta ke nan, ta sauke, ta tace, ta raba. Wutar da ta raba ce ke isa ga kowane sashi. Ram in ta lalace ita kaɗai ta lalace. Amma na'urar raba wuta marar kirki, ran da za ta mutu, ta kan tafi da uwar allo da ma'ajiya tare, jarin shekara guda ya zama hayaƙi. A kan ga akwati mai araha da ita a ciki kyauta, an rubuta wat 600 a jikinta, a ɗaga a ji ta sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye. Wannan kyan ɗan maciji ne.

Yaya a ke gane ta kirki? Da fari a duba takardar da ke manne a jikinta, a ga yawan wutar da layin volt 12 ke bayarwa, gama shi ne ke ciyad da furosesa da katin hoto. A na'urar kirki wannan adadi ya kan yi kusa da jimlar da aka rubuta. A ta banza kuwa da ƙyar ya wuce rabi. Sa'an nan a nemi tambarin 80 Plus, wani tsarin gwaji da aka fara a cikin 2004, mai shaida cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ta sha yana isa ga sassa, saura ne ke zama zafi. Sai dai tambarin nan tattalin wuta ya ke aunawa, bai ce kome ba a kan tsaro. Tsaro sai a karanta a jikin kwali, ko tana yanke kanta in wuta ta yi yawa, ko in wayoyi sun haɗu. A ƙarshe a tambayi garanti, domin kamfanin da ya yarda ya ɗauki lamunin shekara biyar ya san abin da ya zuba a ciki. Na'ura irin ta saurayin nan, ba katin hoto, da wuya ta sha fiye da wat 150 ko tana cikin tsananin aiki, saboda haka mai wat 450 ko 550 ta isa, har da wurin katin da zai zo nan gaba. Ko da za ta ci ushirin kuɗin duka, a ba ta.

Tun da ya ke wansa ne zai aiko da waɗansu kaya daga Amurka, akwai abin lura. Wutar gidajen Amurka volt 120 ce. Yawancin na'urorin raba wuta na zamani suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, an kuwa rubuta haka a jikinsu. Amma tsofaffi da masu araha suna da wani ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya 115, ɗayan 230. Wanda ya soka ta a bangon Kumasi tana kan 115, ƙara ɗaya zai ji. Kada kuma kowa ya kwance ta don ya leƙa ciki, ko an zare ta daga bango, domin tana riƙe da wuta mai iya kisa. Mutanen Ghana da suka ga shekarun dumsor, wajen 2012 zuwa 2016, ba su bukatar a gaya musu halin wuta mai ɗaukewa ta dawo da ƙarfi. Haka na Yamai da Injamena da Khartum. Saboda haka batirin ko-ta-kwana, wanda a ke kira UPS, yana cikin lissafi tun farko. Minti biyar ko goma da zai bayar sun isa a adana aiki a kashe na'ura cikin natsuwa.

Akwati a sayi mai araha, amma mai raga a gaba da matatar ƙura da a ke iya zarewa a wanke. Gilashi da fitilu ba su ƙara wa na'ura sauri ko kaɗan. A ƙasar zafi da ƙurar hunturu, fanka ɗaya mai jawo iska a gaba da ɗaya mai fitarwa a baya sun fi su amfani, a kuma ɗora akwatin bisa tebur, kada a ajiye shi a ƙasa inda tsintsiya ke tayad da ƙura.

Kayan hannu fa? Waɗansu sassa ba su cika tsufa ba. Furosesa da ram da akwati da allon kallo, in an gwada su a gaban mutum suna aiki, a saya ba fargaba. Sai dai a juya furosesan AM4 a duba 'yan alluran da ke ƙarƙashinsa ko akwai wadda ta lanƙwashe. Ma'ajiya kuwa tana rubuta sa'o'in da ta yi tana aiki, wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo tana nuna su, mai sayarwa da ya ƙi a duba ya riga ya ba da amsa. Na'urar raba wuta ita ce ba a saye a hannu, don ba a ganin gajiyarta daga waje. Akwai kuma tsofaffin kwamfutocin ofis da ke shigowa daga Turai da araha mai ban mamaki. Dalilin arahar waɗansunsu shi ne Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba ta yarda da furosesan Intel da ya girmi zuriya ta 8, ko Ryzen da ya girmi jerin 2000. Irin waɗannan suna aiki sarai da Linux, wadda kyauta ce, amma wanda manhajar sana'arsa sai da Windows ya tambayi zuriyar furosesa kafin ya yi cinikin biri a sama. Kada kuma a manta da allon kallo, da allon rubutu, da linzami, da kuɗin jirgi da na kwastan. Sau da yawa a kan gama lissafi a tarar ba a sa su ba.

Ran haɗawa, sukudireba guda da haƙuri su ne kayan aiki. In lokacin hunturu ne, iska ta bushe, jikin mutum ya kan tara 'yar wutar nan mai tartsatsi in an taɓa ƙarfe, ita kuwa tana iya kashe sashi ba tare da an ga alama ba. Sai a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki kowane abu, a kuma riƙe shi ta gefe. A fara ɗora furosesa da fankarsa da ram a kan uwar allo tun tana bisa kwalinta, a dubi ɗan alamar kusurwa da ke nuna yadda furosesa zai zauna, ya faɗa gurbinsa da kansa ba dannawa. A tabbata 'yan ginshiƙan tagulla da ke ɗage allo daga jikin akwati suna daidai ramukansu. In an kunna ba a ga kome ba, kada hankali ya tashi. Mafi yawa ram ce ba ta zauna sosai ba, ko an manta wayar wuta ta furosesa da ke can saman allo. Da hoto ya bayyana, sai a shiga BIOS a duba ko ta ga ram duka 16, a dubi zafin furosesa, a bar na'urar ta yini tana aiki kafin a ɗaure murfi. Rasit da kwalaye kuwa a adana su wuri guda har garanti ya ƙare.